Daimon Ɗin da Ban Duba Ba

Tun da na dawo daga Gana ba a bar ni na sha iska ba. Duk wanda ya zo rumfata ta gyaran agogo a Kazaure, ko batir ya zo sawa, sai ya ja benci ya zauna. "Malam Sabi'u, yaya Gana? An ce daimon ka je saye." Wani ma cewa ya yi in fito da shi ya gani, wai bai taɓa gani ba. Na gaji da cewa lafiya lau, don ba lafiya lau ba ce. To ga shi na rubuta. Wanda ya iya karatu ya karanta wa wanda bai iya ba, a ƙyale ni in yi aikina.

Ba don kaina na je ba. Yaya Rabi ce ta aike ni, yayata da ke Roni, wadda ta riƙe ni bayan rasuwar Innarmu. Mijinta ya rasu, gwiwoyinta sun fara ba ta wahala, kuma abu ɗaya ya rage mata a rai: ta je Makka tana iya ɗawafi da ƙafarta. Ta sayar da gonar da ta gada, kuɗin bai kai kujera ba. Ta ce bari ta jira baɗi, baɗi ta zo kujera ta ƙara yi mata nisa. Ana cikin haka ta yi waya da Kawu Iro, ƙanin Inna, wanda ya tafi Gana haƙar daimon tun ban yi wayo ba, yanzu yana zaune a Ankara, babban birninsu, yana saye da sayarwa. Ya ce mata ta daina ajiye kuɗi suna narkewa, ta aiko wani ya ba shi dutse ɗaya mai kyau a farashin gida, a kai Kano a sayar, kujera ta cika har da guzuri.

"Kai za ka je," in ji Yaya. "Kai ne mai ido. Mutumin da ke ganin abin da ke cikin agogo, dutse ne zai gagare shi?"

Na ji daɗin maganar, ba zan ɓoye ba. Shekara ashirin da biyar ina maƙala ɗan madubi a ido ina leƙa cikin agogunan mutane. Na sa madubin a aljihun gaba, na ce mata ta fara koyon talbiyya.

Babura na fara zuwa, wajen wani mai canji da muka saba. Ya ba ni sefa ta hanya, sauran ya ce in karɓa a hannun abokin hulɗarsa a can da kuɗin Gana, sidi. Da zan tashi ya tambaye ni, "Ka taɓa riƙe daimon kuwa?" Na ce ai ina ganinsa a fuskar agogunan manya. Ya yi dariya har hularsa ta karkace, ya ce, "Waɗannan ai ƙwalba ce, Malam." Haushinsa na ji har Kano.

Daga Kano doguwar bas muka shiga zuwa Legas. Allah ya haɗa ni kujera ɗaya da wani Haladu, mutumin Gwiwa mai kai albasa kudu. Mutumin kirki ne, amma kai, bakinsa ba ya hutawa sai in da dambun nama a ciki. Kafin mu kai Zariya na san sunan duk wanda ya taɓa cutarsa a kasuwa. Shi ne dai ya cece ni a tashar Legas, lokacin da 'yan kamasho biyu suka kama jakata, wannan na ja wancan na ja, kowa na cewa motarsa zan shiga. Haladu ya daka musu tsawa da Yarbanci, ya raka ni har motar Kwatano, ya ce in kame bakina kada kowa ya san abin da ya kai ni. Shi da ya gaya wa bas guda tarihin rayuwarsa!

A boda aka nemi fasfo, na miƙa. Aka nemi katin allurar shawara, na shafa aljihu babu. Yana cikin jaka, jakar kuma tana can ƙarƙashin kwandunan bandar kifi na wata mata. Sai da aka sauke kayan motar kaf a cikin rana. Fasinjoji suka yi ta zagina da Faransanci, na gode Allah da ba na ji. Mai kifin dai ta iya Hausa, kuma ba ta rage mini komai ba. Tun daga nan har Ankara duk inda na zauna sai kuliyoyi su zo gaishe ni.

Kwatano ban ga komai ba sai babura. 'Yan acaɓarsu duk da riguna ruwan ɗorawa, kuma mace sai ta hau nata babur ɗin da kanta, da goyo a baya da kwando a gaba, ta wuce ka kamar za ta tashi sama. A Lome muka kwana, a wani masauki kusa da tasha. Da safe na sha shayi da dogon burodinsu mai tauri wanda ya kusa cire mini haƙori, sannan na tafi tasha na kama direba da faɗa, na ce ya ce bakwai za mu tashi ga shi bakwai da rabi ta wuce bai ko kunna mota ba. Ya nuna mini agogonsa, shida da rabi. Na ce agogonsa ya lalace, ya kawo in gyara masa, ni sana'ata ce. Sai wani dattijo ya ja ni gefe ya ce, "Ɗan Najeriya, nan awa ɗaya muke bayanku." Na koma na zauna na mayar da agogona baya.

Kawu Iro da kansa ya tarbe ni a bakin zango, unguwar Hausawan Ankara. Ina ganinsa gabana ya faɗi. Goshin Inna ne, hancin Inna ne, har yadda yake karkata kai in zai yi magana. Na durƙusa a titi, ya ɗago ni ya rungume yana kuka yana cewa, "Ɗan Yaya, ɗan Yaya." Inna yake ce wa Yaya. Ni ma na yi kukan. Ya ba ni ɗaki mai fanka, ya sa aka yanka mini kaza. Ku riƙe wannan, don kada ku ce tun farko na ga alama. Ban ga komai ba sai kawuna.

Abincinsu kuwa sai a hankali. Shinkafa da wake suna dafa ta da karan dawa ta yi ja, su zuba wani baƙin yaji mai kifi, wannan na ci na ƙara. Amma akwai wani tuwon masara mai tsami da ake naɗewa a ɓawon masara, na kai loma ɗaya na rasa inda zan sa fuskata. Sakwararsu kuma ba a taunawa, haɗiya ake yi, in ka tauna yara su yi maka dariya. Hausarsu ma daban ce, mace da namiji duk "ya zo" ne. Kwana biyu ina zaton Kawu maza ya tara a cikin gida.

Kawu ya ce in huta, ba a cinikin dutse da gajiya. Ina zaune a zaurensa na ga abin da ya ɗaure mini kai. Ya ɗauko wani dutse ya miƙa wa babban ɗansa Awudu, magidanci mai 'ya'ya uku, ya ce ya kai wa wani. Awudu bai ko russuna ba. Ya zaro madubi, ya ɗauki dutsen da hantsaki, ya juya shi ya juya, sannan ya turo wa ubansa ya ce, "Baba, wannan da ɗigo a ciki, ba zan kai ba." Na jira in ji mari. Sai Kawu ya yi dariya ya ɗauko wani. Na ce a raina, tir, zama cikin wasu ƙabilu ya cinye tarbiyyar gidan nan. A Roni uba ya miƙo maka abu ka sa masa madubi? Ai ka gama zaginsa.

A bakin titin unguwar akwai shagon wata mai sayar da zobba da sarƙoƙi, Madam Efuwa. Kirista ce, amma a gefen zango ta girma, Hausa a bakinta kamar ruwa. Na shiga kallo, ta ji sana'ata, ta ɗauko agogon marigayi mijinta wanda ya tsaya tun shekarar da ya rasu. Datti ne kawai da tsohon mai. Na wanke shi na haɗa, ya kama tafiya. Ta kara shi a kunne tana sauraro. Da na ƙi karɓar kuɗi sai ta ce to me ya kawo ni Gana. Na manta da gargaɗin Haladu na gaya mata.

"Ka san dutse?" ta ce.

"Ina da ido."

"Ba ido na tambaye ka ba. Zo gobe da hantsi."

Safiya uku na yi a shagon nan kamar ɗan makaranta. Ta kashe fitilun shago, ta ce fitila maƙaryaciya ce, ko ƙwalba ka sa a ƙarƙashinta sai ta yi walƙiya, a bakin taga ake duba dutse. Ta ba ni madubinta na gwada da nawa, ta ce nawa zai yi. Ta nuna mini wata na'ura mai kama da biro, in ka ɗora bakinta a kan daimon sai ta yi ƙara. Na ce ashe abin da sauƙi. Ta ce, "Wannan ta gaya maka daimon ne kawai. Akuya ma akwai ta layya akwai mai ciwo, duk akuya ce."

Daga nan ta naɗe farar takarda ta kifa duwatsu biyu a ciki. Ni duk farare na gani. Ta ce in kalle su ta gefe. Sai ga ɗaya ya ɗan ja ruwan shayi, ɗayan kuwa kamar ƙanƙara. Ta ce tsakanin waɗannan biyun akwai kuɗin mota. Ta ɗora su a ɗan sikelinta, ta ce karat ake cewa, karat biyar ne giram ɗaya, amma kada girma ya ruɗe ni, babban dutse mai datti ƙarami mai tsabta ya fi shi. Ta nuna mini yanka, yadda wanda aka yanka daidai yake maido da haske fuskarka, wanda aka yanka da ha'inci don a tsira da nauyi kuma tsakiyarsa duhu. Sai aka zo leƙen ciki, inda na san a gida nake. Baƙin ɗigo, farin gajimare, tsaga mai kama da gashin kaza, duk na riƙa gano su kafin ta nuna.

A rana ta uku ta ba ni wani dutse ta ce in faɗi aibinsa. Na duba sama, tas. Na duba ƙasa, tas. Na karkata shi kaɗan da hantsaki, sai wani layi ya gilma a ciki, shuɗi-shuɗi, na ƙara karkatawa ya koma ja-ja ya ɓace. Na ce mata akwai wani abu a nan da ba na Allah ba. Ta tafa hannu ta ce wasu sai sun shekara ba su kama wannan ba. Tsaga ce, aka cike ta da narkakken gilashi don ta ɓuya. Na'ura za ta yi ƙara, ido ba zai gani ba, amma ranar da maƙeri ya kai masa wuta asiri ya tonu, kuma duk mai sana'a ya gani ba zai saya da daraja ba.

"Kowa ya ba ka dutse, ka duba," ta ce. "Ka nemi takardar shaidarsa. In babu, idonka ne takardarka."

Na ce ai ni wajen kawuna zan saya. Ta dube ni ta ce, "To." Ba ta ƙara ba.

Ranar Juma'a bayan an sauko, Kawu ya tara dattawan unguwa a zaurensa, su shida ko bakwai, masu furfura. Ya ce ga ɗan 'yar'uwarsa daga gida. Aka yi wa Inna addu'a, aka yi wa kakanninmu na Roni, har ya ambaci sunayen da ni ma na manta. Ya ba su labarin Yaya Rabi, marainiyar da ta riƙe ƙannenta, yau ga shi Allah ya sa ta hannunsa za ta ga Ka'aba. Sannan ya zaro 'yar takarda daga aljihu ya buɗe. Kai, dutsen nan ya yi kyau! Ya kai ƙwayar wake, yana ta wasa da hasken fitila. Ya ɗora masa na'ura ta yi ƙara, dattawa suka ce masha Allah.

"Shekara biyu ina ɓoyonsa," in ji Kawu. "An nema na hana. Ashe rabon Rabi ne. Matso, ɗan Yaya."

Na matsa a durƙushe na karɓa da hannu biyu. Madubina yana aljihun gaba, ina jin nauyinsa a ƙirji. Taga tana bayana, taku biyu. Awudu yana gefe, sai ya turo mini hantsaki da farar takarda a kan tabarma har suka taɓa gwiwata. Na dubi hantsakin, na dubi fuskar Kawu, na dubi dattawan da suka gama yi wa uwata addu'a yanzun nan. Wallahi hannuna ya tashi zai tafi aljihu, sai na ji kamar zan tuɓe wa Kawu rawani a gaban mutane. Na mayar wa Awudu kayansa.

"Haba," na ce, "abin da Kawu ya zaɓa da hannunsa ni ne zan duba?"

Zauren ya ɗauka. Wani dattijo ya ce, "Kun ji 'yan gida! Namu na nan sun lalace." Wani ya dafa kaina ya sa mini albarka. Abin da ya fi ci mini rai har yau shi ne daɗin da na ji a lokacin. Na harari Awudu ina ganin na koya masa darasi. Shi kuwa ya tattara hantsakinsa ya fita. Maganar takardar shaida ko tayar da ita ban yi ba. A ranar na kai Kawu wajen abokin mai canjin Babura, aka miƙa masa kuɗin gonar Yaya gaba ɗaya.

Kawu ya naɗe dutsen ya liƙe, ya ce kada in buɗe a hanya. Ya ba ni turmin atamfa in kai wa Yaya. Kuna iya cewa me ya hana ni dubawa a ɗaki kafin in taho. Na yi tunanin haka. Sai na ga kamar sata ce, in ci tuwon mutum in shiga ɗakinsa ina binciken amanarsa. Ko shagon Madam Efuwa ban biya sallama ba, don na san abin da za ta tambaya.

A Lome, a masaukin nan dai, gari ya waye rana ta shigo ta taga, na kasa haƙuri. Na ɓare takardar, na maƙala madubi. Ban ko wahala ba. Karkatawa ɗaya layin ya gilma, shuɗi, ya koma ja, tun daga wannan gefe har wancan. Na goge dutsen na sake. Na goge madubin na sake. Na kifa shi a farar takarda, ga ruwan shayi ƙarara wanda fitilar zaure ta ɓoye. Inna lillahi! Na zauna a bakin gado.

Kada wani ya ce mini wataƙila Kawu bai sani ba, tsufa ne. Mutumin da ya shekara arba'in yana wannan sana'a, wanda na ga yana zare zare a allura ba tabarau? Ya sani. Ya kuma san gidan da na fito, ya san ba zan duba ba in ya tara mini dattawa. Tarbiyyar da yayarsa ta ba ni, da ita ya yanka ni.

Ankara ba ta da nisa daga Lome. Na je tasha na tsaya tsakanin motar Ankara da ta Legas, har 'yan kamasho suka gaji da ni. In koma in ce me? In shiga zauren nan in ce Kawu ka cuce mu, bayan da bakina na ce ba sai na duba ba? Na shiga motar Legas. Hanyar dawowa ba ni da labarinta, ban ga kowa ba ban ji komai ba.

A Kano na kai wa masu sayen gwal da duwatsu mutum uku, don kada in zalunci Kawu. Na farko ya duba ya turo mini. Na biyu ya ce daimon ne, amma mai ciwo. Na uku ya taya, abin da ya taya ko sulusin gonar bai kai ba, ya ce shi ma don ya ga ina neman faɗuwa ne.

Na isa Roni da la'asar a bayan ɗan acaɓa. Yaya tana tsakar gida tana tsince gyaɗa, maƙwabta har sun fara tsokanarta da Hajiya. Ta hau murna tana tambayar labarin Kawu, ya tsufa? Yana cin abinci? Na ba ta atamfa ta shafa ta a fuska. Sai da matan suka watse na durƙusa na gaya mata komai, ban rage ba, har da hantsakin da na mayar. Ta ajiye gyaɗar da ke hannunta.

"Yanzu babu kujerar ke nan," ta ce.

"Babu, Yaya. Amma zan kira shi. Zan gaya masa abin da ban gaya masa a can ba, in ya so duk dangi su ji."

"Ba za ka kira ba."

"Yaya, gonarki ce fa!"

"Na san gonata ce, ni na yi noma a cikinta." Ta share ido da bakin mayafi. "Shi kaɗai ya rage a ɗakinsu Inna. So kake a ce 'ya'yan Inna sun tsufa suna kiran ƙaninta ɓarawo? Kawo wayarka. Mutum ya sauke ka ya ba ka abinci ya aiko da tsaraba, ba a kwana ba a yi godiya ba."

Na zaci ba da gaske take ba. Ta sa na lalubo lambar. Da ya ɗauka sai ta sauko daga kujerarta ta durƙusa a ƙasa, da gwiwoyin nan nata, kamar yana gabanta. Ta gaishe shi, ta gaida iyali, ta ce atamfa ta yi kyau, Allah ya bar zumunci. Muryarta ko rawa ba ta yi ba, hawaye ne kawai ke sauka a kan gyaɗar. Sannan ta miƙo mini wayar ta tsare ni da ido.

"Ɗan Yaya, ka isa lafiya?" in ji Kawu. "Rabi ta ga dutsen? Ya yi kyau ko?"

Na dubi Yaya a durƙushe.

"Ya yi kyau, Kawu," na ce. "Mun gode. Allah ya ƙara girma."